Marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa: Shekaru Goma Sha Tara a Zauren Majalisa

Yawancin 'ya'yanmu da suka tashi a Legas da Abuja da Kano sun san fuskar marigayi Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ne a jikin takardar naira biyar. In an tambaye su, sai su ce shi ne Firayim Ministan Nijeriya na farko, shi ke nan. Amma kafin ya hau wannan kujera ya shekara goma yana wakilcin Bauci a majalisa, kuma a ganina a wannan zamani ne aka fi gane ko shi wane ne.

An haife shi a 1912 a garin Tafawa Ɓalewa. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, ma'aikacin hakimin Lere ne, ba ɗan sarauta ba. Ya yi karatu a Bauci, ya wuce Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, sannan ya dawo gida ya kama koyarwa a Midil. A lokacin ne ya rubuta littafin Shaihu Umar. A 1945 aka tura shi Jami'ar Landan ƙaro ilimin koyarwa na shekara guda.

Dawowarsa ta yi daidai da tsarin mulkin Gwamna Richards, wanda ya kafa Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a Kaduna. En'e ta Bauci ta zaɓe shi ya wakilce ta, ita kuma majalisar ta tura shi Majalisar Dokoki ta ƙasa a Legas a 1947. Mu lura da wannan: ba talakawa suka jefa masa ƙuri'a ba, hukumar sarki ce ta aike shi, kuma albashinsa na malanta daga baitulmalinta yake fitowa.

Wannan ne ya sa abin da ya yi a watan Agusta na 1950 ya zama abin mamaki. Ya miƙe a majalisar Kaduna ya kawo ƙudurin a kafa hukuma mai zaman kanta ta binciki tsarin En'e baki ɗaya. Ya soki yadda aka damƙa wa sarki shi kaɗai ikon hukuma ba tare da majalisarsa na iya taka masa birki ba, ya taɓo cin hanci da karɓar gaisuwa, ya nuna talaka ba shi da bakin magana a kan yadda ake mulkinsa. Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur, abokan muhawararsa a Bauci tun farkon shekarun 1940, sun sha faɗin abin da ya fi wannan zafi, amma daga waje suke faɗa. Shi kuwa daga cikin gida ya yi magana, alhali waɗanda yake suka suna da ikon raba shi da tuwonsa. Da ƙyar ƙudurin ya samu rinjaye. Gwamnati ta sa jami'anta biyu, Maddocks da Pott, suka yi bincike, kuma a 1952 aka soke tsarin sarki shi kaɗai, aka wajabta masa aiki tare da majalisarsa. Dokar En'e ta 1954 ta ɗora a kan wannan.

A Legas kuwa wani yaƙin ya tarar. Yana cikin waɗanda suka tsaya a taron Ibadan na 1950 sai an ba Arewa rabin kujerun majalisar ƙasa, aka kuma ba ta. Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, ya koma Ministan Sufuri bayan tsarin mulkin 1954. Daga nan ya bar Kaduna ga Sardauna, ya tare a Majalisar Wakilai ta Tarayya, inda ya zama Firayim Minista a 1957. Shi ne ya gabatar da ƙudurin neman 'yancin kai a watan Janairu na 1960. A zamaninsa ne aka ja layin dogo daga Kuru ya ratsa Bauci da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964. Dattawanmu da suka yi fataucin gyaɗa da auduga sun san abin da wannan ya canja.

Ba za mu ce komai ya tafi daidai ba. A watan Mayu na 1962 ya kai wa majalisa buƙatar kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, aka amince a yini guda, kuma har yau masana tarihi na ganin an yi gaggawa. Rikicin ƙidayar 1962 da 1963, da zaɓen 1964, da na Yamma a 1965, duk sun taru a kansa. Haƙurin da aka san shi da shi, wanda ya sha kashe wutar gardama a zauren majalisa, bai iya kashe ta kan titi ba.

Kwanaki kaɗan bayan ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas kan batun Rodeshiya, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a daren 15 ga Janairu, 1966. Bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanya a wajen Legas. Aka kawo shi Bauci aka yi masa sutura, kuma a nan kabarinsa yake, a buɗe ga masu ziyara. Allah Ya jiƙansa da rahama.