Aleksandar Borodin: malamin sinadarai da ke tsara kiɗa a ranakun hutunsa

A tarihin kiɗan Turawa da ake kira kilasik, da wuya a sami wanda ya yi suna irin na Aleksandar Borodin alhali kiɗan ba shi ne sana'arsa ba. Albashinsa daga koyarwa yake fitowa, wuninsa kuma a ɗakin gwaje-gwajen sinadarai yake ƙarewa. Ragowar lokacin da aiki ya bar masa, shi yake kaiwa gaban fiyano.

An haife shi ranar 12 ga watan Nuwamba 1833 a birnin Saint Petersburg na ƙasar Rasha. Mahaifinsa, Luka Gedevanishvili, basarake ne ɗan asalin Jojiya, amma bai auri mahaifiyar yaron ba. Don a rufe maganar, aka rubuta jaririn a matsayin ɗan wani bawan gidan mai suna Porfiri Borodin. Haka ɗan basarake ya tashi bawan mahaifinsa a kan takarda, sai da ya kai wajen shekara 7 aka ƴanta shi. Mahaifiyarsa ta ɗauko masa malamai har gida, ya koyi Faransanci da Jamusanci, ya koyi busa sarewa da kaɗa fiyano. Yana ɗan shekara 9 ya tsara ɗan gajeren kiɗan rawa, wanda shi ne na farko da aka sani nasa.

A 1850 ya shiga makarantar horar da likitoci ta birnin, inda ya zama almajirin Nikolai Zinin, babban masanin sinadarai. Malamin ya sha yi masa faɗa a kan raba hankali biyu tsakanin kimiyya da kiɗa. Ya sami digirin dakta a 1858, sannan aka tura shi ƙaro ilimi a birnin Heidelberg na Jamus. A can ne, a 1861, ya haɗu da Ekaterina Protopopova, gwanar fiyano da ta je neman lafiya. Ita ta buɗe masa kunne ga kiɗan Chopin da Schumann. Sun yi aure a 1863.

Da ya koma gida a 1862, ya gamu da Mili Balakirev, wanda ya tara wasu samari masu burin samar wa Rasha kiɗa mai ɗanɗanon ƙasarsu. Su ne aka laƙaba wa suna Mutum Biyar. In ban da Balakirev, kowannensu yana da wani aikin da yake ci da shi: César Cui injiniyan soja ne, Rimsky-Korsakov hafsan sojan ruwa, Mussorgsky tsohon hafsa da ya koma aikin ofis. Sukan taru a gida, su zauna a bakin fiyano, kowa ya kaɗa abin da ya rubuta, sauran su gyara masa. Wannan zaman shi ne makarantar Borodin ta tsara kiɗa.

A ɓangaren kimiyya kuwa, ya zama farfesa a 1864. A 1872 ya bayyana wata hanyar haɗuwar sinadarai da ake kira aldol, wadda masanin Faransa Charles-Adolphe Wurtz shi ma ya gano a wannan lokaci, kowa da nasa binciken. A shekarar ce kuma ya shiga sahun waɗanda suka buɗe wa mata ajin karatun likitanci a Saint Petersburg, a zamanin da ƙofofin jami'o'in Rasha suke rufe gare su. Ya koyar da su, ya yi ta fafutukar nemo wa makarantar kuɗi.

Duk wannan hidima kiɗan ne ya biya kuɗinta. Gidansa yana cikin harabar makaranta, kullum cike da ɗalibai da dangi da baƙi, ga matarsa tana fama da ciwon asma. Ba ya samun sukunin rubutu sai a hutun makaranta, ko ranar da rashin lafiya ta hana shi zuwa aji, har abokansa sukan yi masa barkwancin fatan ya kwanta ciwo. Simfoninsa na farko, wato dogon kiɗan da babban rukunin makaɗa ke yi, ya ci shekara 5, kuma bai ji shi a gaban jama'a ba sai a 1869.

Abin da ya fito daga hannunsa bai da yawa, amma ya yi nisa. A 1877 ya ziyarci Franz Liszt a birnin Weimar, dattijon ya ƙarfafa masa gwiwa da ya riƙe salonsa. Shi Borodin ya sadaukar wa kiɗan da ya tsara a 1880, wanda ke siffanta ayarin raƙuma da dawaki yana ratsa filayen tsakiyar Asiya: sautin ya taso daga nesa, ya matso, ya wuce, ya ɓace. A 1885 ya rubuta Petite Suite, gajerun kaɗe-kaɗe guda 7 na fiyano, ya sadaukar da su ga Louise de Mercy-Argenteau, wata basarakiya ƴar Beljiyam da ta yi ɗawainiyar gabatar da kiɗan Rasha a ƙasarta.

Babban aikinsa shi ne Yarima Igor, wasan kwaikwayo irin wanda ake rerawa da waƙa, wato opera. Ya fara shi a 1869. Rimsky-Korsakov ya ba da labarin yadda a 1879, da ranar wasa ta matso kuma ɓangaren raye-rayen bai kammala ba, su uku da Anatoli Lyadov suka kwana suna rubutu da fensir don sauri. Borodin ya shafa wa takardun wani ruwan danƙo don kada rubutun ya goge, ya shanya su a igiya kamar wanki.

Shekara 18 yana kan aikin, bai gama ba. Ranar 27 ga Fabrairu 1887, ana tsakiyar wani biki da ya shirya a makarantar, ya yanke jiki ya faɗi, zuciyarsa ta tsaya. Yana da shekara 53. Matarsa ta bi bayansa bayan ƴan watanni. Rimsky-Korsakov da Aleksandar Glazunov suka tattara takardunsa suka ƙarasa Yarima Igor, aka fara nuna shi a 1890. Kiɗan buɗe wasan ma marigayin bai rubuta shi ba; an ruwaito cewa Glazunov ne ya maido shi daga abin da ya riƙe lokacin da Borodin ke kaɗa musu a fiyano.

A yau mai sha'awar tsara kiɗa ba ya jiran shekaru kafin ya ji abin da ya rubuta. Akwai manhajojin kwamfuta da aka zuba wa sautin fiyano na gaske: an naɗi kowane ɗaya daga maɓallansa 88, da bugu mai taushi da mai ƙarfi, haka ma goge da algaitun Turawa. Malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti zai iya sauraron aikinsa cikin dare, a ɗakinsa. Borodin bai ga wannan sauƙi ba, kuma bai taɓa jin Yarima Igor daga farko zuwa ƙarshe ba. A 1953 aka ɗauki karin kiɗansa aka gina wasan Kismet a birnin New York na Amurka, kuma a 1954 aka ba shi lambar yabo ta Tony, shekara 67 bayan rasuwarsa.