Hermann Ebbinghaus: Mutumin Da Ya Auna Mantuwa

Duk ɗalibin da ya taɓa raba dare yana hadda, washegari ya zauna a zauren jarrabawa kansa ya zama fanko, ya kamata ya san wannan bawan Allah. Shi ne ya fara auna saurin da ƙwaƙwalwa ke zubar da abin da aka ɗura mata.

An haifi Hermann Ebbinghaus a ranar 24 ga Janairu, 1850, a garin Barmen da ke Jamus. Ya shiga Jami'ar Bonn, amma yaƙin Furushiya da Faransa na 1870 ya katse masa karatu, ya tafi aikin soja. Da ya dawo ya kammala digirin digirgir a fannin falsafa a 1873. Daga nan ya yi 'yan shekaru yana koyarwa a Ingila da Faransa. A wannan yawon ne ya ci karo da littafin Gustav Fechner a shagon tsofaffin littattafai, wanda ya nuna cewa ana iya auna abin da gaɓoɓin ji da gani ke ɗauka da lissafi. Sai ya ƙudurta gwada hakan a kan tunawa, alhali manyan masana na lokacin suna ganin ba zai yiwu ba.

Ba shi da ɗakin gwaji, ba shi da masu taya shi. A 1879 ya mai da kansa abin gwajin. Ya ƙirƙiro gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana kimanin 2,300, kowanne baƙi da wasali da baƙi, don kada sanin da ya riga ya yi ya taimaka masa. Yakan haddace jeri guda, ya bari lokaci ya wuce, ya sake haddace shi, sannan ya lissafa wahalar da ta ragu masa a karo na biyu. Bayan minti 20, ragowar kashi 58 cikin 100 ce. Bayan awa ɗaya, 44. Bayan kwana ɗaya, kusan 34. Bayan wata guda, 21. Wato asara mafi yawa tana faruwa ne a awannin farko, daga baya ta lafa.

Ya kuma gano cewa maimaici 38 da aka raba cikin kwana uku ya yi aikin maimaici 68 da aka yi a rana ɗaya. Wanda ya yi makarantar allo ya san wannan tun tuni, domin tilawar kullum ce ke riƙe hadda. Ya wallafa sakamakon a 1885.

Duk da haka, a 1894 Jami'ar Balin ta ba Carl Stumpf kujerar shugabancin sashen falsafa, shi kuwa ya koma Breslau, wadda yanzu take cikin Folan. A can ya tsara gwajin cike gurbi a jimla don auna basirar 'yan makaranta. Ya rasu a Halle ranar 26 ga Fabrairu, 1909, sanadin ciwon huhu, yana da shekara 59.

Aikin nasa yana da rauni: mutum ɗaya aka gwada, kuma darasin aji ba gaɓoɓi marasa ma'ana ba ne. Abin da ka fahimta ya fi daɗewa a kai. Amma an maimaita gwajin a Holan, kuma sakamakon da aka wallafa a 2015 ya zo kusan iri ɗaya.

Ni dai sai a shekarar ƙarshe na gane haka, bayan na sha kashi a wani kwas da na haddace dare ɗaya. Ƙannena 'yan aji ɗaya, ku duba darasi a ranar da aka koyar da shi, ku sake dubawa bayan kwana biyu, sannan a ƙarshen mako.