Gimbiya Fatima Isma'il, wadda ta sayar da gwal ɗinta don a gina jami'a

'Yan uwa, a wannan fitowa ta bikin cika shekara mun leƙa ƙasar Masar, mun ɗauko tarihin wata baiwar Allah da ta yi abin da kowacce a cikinmu ta san nauyinsa, wato ta rabu da kayan adonta.

An haifi Gimbiya Fatima a 1853. Mahaifinta shi ne Isma'il Fasha, mai mulkin Masar, wanda a zamaninsa aka buɗe mashigin ruwan Suwez. Cikin daula ta tashi, a bayan labule, kamar sauran 'ya'yan sarauta na lokacin.

A 1908 wasu masu kishin ƙasa suka kafa jami'a a birnin Alƙahira da kuɗin karo-karo. A gidan haya ta fara, kuma ba a jima ba aljihu ya yi ƙasa. Likitan gimbiya, Muhammad Alawi Fasha, yana cikin masu kula da jami'ar, shi ya kai mata labari. Sai ta ba da fili eka 6 kusa da gidanta, ta kuma yi waƙafin gonaki sama da eka 600, amfaninsu ya riƙa shiga asusun jami'ar. To, saura kuɗin gini. Nan fa ta kwaso sarƙoƙi da awarwaro da zobba na zinare da lu'ulu'u ta miƙa, aka sayar da su kimanin fam 70,000.

A watan Maris na 1914 aka aza harsashi. Bayan 'yan watanni Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, aiki ya tsaya. Gimbiya ta rasu a 1920.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne, har ta koma ga Allah ba ta ga 'ya mace ko ɗaya ta zama cikakkiyar ɗaliba a wurin ba. An taɓa buɗe sashen laccoci na mata, inda irin su Malama Nabawiyya Musa suka koyar, amma surutun masu adawa ya yi yawa, aka rufe shi a 1912. Duk da haka ba ta janye hannunta ba.

A 1925 gwamnati ta karɓi jami'ar. Kafin ƙarshen 1929 'yan mata sun shiga aji tare da maza, a zamanin shugabancin Ahmad Lutfi al-Sayyid. A 1933 rukunin farko suka kammala, cikinsu har da Na'ima al-Ayyubi da ta karanta lauya, da Suhair al-Ƙalamawi wadda daga baya ta zama farfesar adabin Larabci a nan inda ta yi karatu. Ita ce Jami'ar Alƙahira ta yau.

Mu dai ba mu da lu'ulu'u, amma muna da adashi da zubin wata. Kuma ai mun san yadda abin yake a gidajenmu: tun yarinya tana firamare an fara tara mata kayan ɗaki, amma ranar da ta ci jarrabawar shiga jami'a sai kuɗin rajista ya gagara, ta zauna a gida. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Don haka muke roƙo, idan an zo rabon ribar bana, kowacce ta ware wani abu, komai ƙanƙantarsa, da sunan karatun 'yarta. Iyayen gida, ku ma a sa hannu.

Allah ya jiƙan Gimbiya Fatima, ya sa wannan sadaka ta bi ta har makwancinta, amin.