Henri Dunant: Ɗan Kasuwar da Bai Tsaya Kallo Ba

An haifi Henri Dunant a Janeba, ƙasar Suwizalan, a 1828. Ɗan kasuwa ne, ba likita ba. A 1859 harkar kasuwanci ta kai shi Solferino a Italiya, ana gama ƙazamin yaƙi. Ya tarar da dubban sojoji kwance cikin jini, masu jinya sun yi kaɗan. Bai jira umarnin kowa ba. Ya tara matan wani gari da ke kusa, suka riƙa shayar da su, suna wanke raunuka, ba ruwansu da ɓangaren da soja ya fito. Wannan ne mafarin kafa ƙungiyar Red Cross a 1863. Ya rasu a 1910.

'Yan'uwa ɗalibai, idan wani ya faɗi a gabanmu, wa zai fara miƙa hannu?