Marigayi Dakta Mamman Shata, Gwanin Waƙa a Gaban Jama'a

A wannan makon mun kawo muku tarihin mutumin da ya rasu tun kafin a haife mu, amma har yau muna jin muryarsa a teburin mai shayi a nan Rafin Guza da cikin motocin tashar Kawo. Wannan mutum shi ne Alhaji Mamman Shata Katsina.

An haifi Shata a shekarar 1923 a garin Musawa da ke Jihar Katsina ta yanzu. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuma Lariya. Bai gaji waƙa ba. Hasali ma mahaifinsa bai so ya zama mawaƙi ba, domin a lokacin ana kallon waƙa a matsayin roƙo. Yana yaro ya yi tallan goro da alewa, yana kuma zuwa dandali yana waƙa don nishaɗi. Daga nan sunansa ya fara tafiya ƙauye-ƙauye. Ya zauna a Bakori da Funtuwa da Kano.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yadda yake wasa a gaban jama'a. Shata ba ya zuwa da takarda. Yana tsayawa a tsakiyar fili, makaɗansa da 'yan amshi na bayansa. Kayan kiɗansu kalangu ne, gangar nan mai siririn tsakiya da aka fi sanin mahauta da ita. Makaɗi yana rataya ta a kafaɗa, ya matse igiyoyinta a ƙarƙashin hammata, sai sautinta ya hau ko ya sauka kamar maganar mutum. Idan kiɗa ya zauna, Shata zai ba da amshi, yaransa su karɓa, shi kuma ya riƙa ƙago baitoci nan take. Yana ganin mutum a cikin taro sai ya sa shi a waƙa, da garinsu da sana'arsa. Shi ya sa waƙa ɗaya takan fito da kalmomi daban idan ya sake yin ta a wani wuri.

Ya yi wa sarakuna da attajirai da manoma da direbobi waƙa. A cikin Bakandamiya ya yabi kansa da baiwar da Allah ya ba shi. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a 1969, ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa. Gidan Rediyon Tarayya na nan Kaduna ya taimaka wajen kai muryarsa ko'ina ake jin Hausa. Amma gaskiya ɗaya ce: yana da zambo mai zafi, kuma ba kowace waƙarsa ce iyaye ke so yara su ji ba.

A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta, duk da bai yi karatun boko ba. Ya kuma taɓa zama shugaban jam'iyyar SDP na ƙaramar hukumar Funtuwa. Ya rasu ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka binne shi a Daura.

Me ya sa muka zaɓe shi? Mun sha zuwa biki mu ga mawaƙi ya riƙe makirufo yana motsa baki kawai, waƙar kuwa daga kwamfuta take fitowa. Da an ɗauke wuta, shi ke nan wasa ya tashi. Shata kuwa muryarsa da kalangu sun ishe shi riƙe taro har dare ya raba.

Mu ma muna da irin wannan jarrabawa. Da yawanmu idan aka kira mu gaban asambuli ko muhawara, sai takarda ta kama rawa a hannunmu, idan ta faɗi magana ta ƙare. Ba mu ce kowa ya zama mawaƙi ba. Muna cewa ne mu san abin da za mu faɗa har ya zauna a kanmu, sannan mu dubi idon jama'a mu faɗe shi.

Allah ya jiƙan Dakta Shata, ya gafarta masa kurakuransa, amin.