Irmiya, Annabi daga Anatot

Irmiya ɗan Hilkiya ne, daga gidan firistoci na Anatot. Ubangiji ya kira shi tun yana yaro, a shekara ta 13 ta sarautar Yosiya. Shekara 40 yana faɗakar da mutanen Yahuza cewa Babila za ta cinye su saboda zunubansu, amma suka taurare. Sarki Yehoyakim ya ƙone littafinsa, daga baya kuma hakimai suka jefa shi cikin rijiya mai laka. Duk da haka, sa'ad da mayaƙan Babila suka kewaye Urushalima, shi kuwa yana tsare, ya sayi gona a Anatot da shekel 17 na azurfa, gama Ubangiji ya umarce shi, alamar za a komo ƙasar. Birnin ya faɗi a shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Bayan haka aka tafi da shi Masar ala tilas.