Labarin Erik Lidel, Gwanin Gudu Wanda Ya Bar Tsere Domin Ubangijinsa

An haifi Erik Lidel a birnin Tiyanjin na ƙasar Sin ran 16 ga Janairu 1902. Iyayensa mutanen Sukotlan ne, masu aikin bishara. Da ya isa shiga makaranta aka kai shi Ingila, ya yi karatu tare da 'ya'yan sauran masu bishara, daga nan ya wuce jami'ar Edinbara, inda ya koyi ilimin kimiyya. Allah kuwa ya ba shi ƙafa mai sauri ƙwarai. Sau bakwai ya yi wa ƙasarsa wasan ƙwallon rugbi, amma gudu ne ya fi fid da sunansa.

Halinsa a fili ya bambanta da na sauran gwanaye. Kafin a tashi tsere yakan bi abokan karawarsa ɗaya ɗaya, ya ba su hannu. A zamanin nan masu gudu sukan haƙa ɗan rami inda za su kafa ƙafa, shi kuwa yakan ara musu abin haƙarsa. A shekara ta 1923, cikin tseren yadi 440, aka bangaje shi tun farkon tashi, ya faɗi. Bai tsaya ƙara ko zagi ba. Ya miƙe, ya bi su, ya wuce su duka, kāna ya zube a ƙasa don gajiya.

Ana nan sai babban gwaji ya zo. A shekara ta 1924 aka shirya wasannin Olimfik a birnin Faris na Faransa. Tseren mita 100 shi ne wanda Erik ya fi gwaninta a ciki, jama'arsa duka sun sa rai zai kawo musu zinariya. Amma aka sa gudun share fage ran Lahadi. Da ya sami labari, watanni kafin lokacin, sai ya janye, gama ya keɓe ranar nan domin sujada. Waɗansu suka zarge shi, suna ganin ya kunyata ƙasarsa. Bai sāke ba, bai kuma yi fushi da su ba. Wani Ba'ingile, Harold Abrahams, shi ya ci tseren nan. Erik ya shiga na mita 200, ya zo na uku. Ya kuma shiga na mita 400, wanda ba a zaci zai ci ba, sai ga shi ran 11 ga Yuli ya riga kowa cikin daƙiƙa 47.6, ya sami zinariya.

Ya mai karatu, lura da wannan. Sa'ad da ya janye bai san zai ci wani tsere ba. Da ya komo hannu wofi, da amincinsa bai ragu ko kaɗan ba. Kada fa ka ɗauka cewa duk wanda ya bi Allah sai ya yi nasara a fili. Sauran labarin zai nuna maka haka.

A shekara ta 1925, yana tsakiyar ƙarfinsa da sunansa, ya koma Sin. Ya koyar da yara a makaranta a Tiyanjin, aka naɗa shi fasto a 1932, ya yi aure a 1934. Daga baya ya tafi karkara, yana wa'azi cikin matalauta a lokacin yaƙi da Japan. A 1941 ya aike da matarsa da 'ya'yansa mata biyu zuwa Kanada don su tsira, shi kuwa ya zauna. A can aka haifi 'yarsa ta uku, bai taɓa ganinta ba.

A 1943 sojojin Japan suka tsare shi da sauran baƙi a sansanin Waishiyen. Wuri ne mai cunkoso da ƙarancin abinci. Nan gwanin duniya ya zama mai ɗebo wa tsofaffi ruwa da gawayi. Yakan tashi da asuba ya yi addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, da rana ya koya wa yara darasi, ya shirya musu wasa. Da fari ya ƙi yi musu alƙalancin wasa ran Lahadi. Suka yi su kaɗai, wasa ya zama faɗa. Da ya ga haka, sai ya fito ran Lahadi ya tsaya a tsakaninsu. Abin da ya ƙi yi don zinariya ya yi shi don salamar yara. Ashe Ubangijin ranar yake bauta wa, shi da ya warkar da marasa lafiya ran Asabar.

Ciwo ya kama shi a ƙwaƙwalwa, ya rasu ran 21 ga Fabrairu 1945, yana da shekara 43, wajen wata shida kafin a buɗe sansanin.

Wanda ya taɓa kallon kokawa a dandali ya san yadda ake ɗaga wanda ya kayar, a manta da wanda aka kayar. Baɗi kuwa wani saurayi ya taso ya ka da gwanin bana. Manzo Bulus ya koya wa Korintiyawa cewa ladan masu tsere na duniya mai lalacewa ne, na masu bi kuwa madawwami ne. Wasa ba zunubi ba ne. Yi shi da iyakar ƙarfinka, ba zamba, ba laya. In ka ci, gode wa Allah, ka girmama abokin karawarka. In an ci ka, kada ka rena kanka, gama ba a fili aka yanke darajarka ba. An yanke ta a kan gicciye, inda Yesu Almasihu ya ba da ransa domin mai sauri da gurgu duka.